An kama ƙanena kan wayar sata, kwana shida yana bayan kanta: mu biya kuɗin beli?

Tambaya: Barista, ƙanena yana saye da sayar da tsofaffin wayoyi a Kano. Ya sayi wata waya a hannun wani yaro, ya sayar da ita. Bayan wata biyu 'yan sanda suka bibiyi wayar har suka zo kansa, suka ce a wajen fashi aka ƙwace ta. Ranar da suka zo ba ya nan, sai suka tafi da mahaifinmu, ba su sake shi ba sai da ƙanen nawa ya kai kansa. Yau kwanansa shida a caji ofis, ba a kai shi kotu ba. Ya ce an doke shi, an ba shi takarda da Turanci ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba. Yanzu ana neman kuɗin beli a wajenmu, an kuma ce ni mace ce, ba zan iya tsaya masa ba. Mu biya ne, ko yaya za mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita, ya kuma ba Baba haƙurin abin da aka yi masa.

Na ga hankalinku duk ya tafi kan kuɗin beli, kuma ban ga laifinku ba, duk wanda nasa yake bayan kanta ba abin da yake so illa ya ga an fito da shi. Amma a cikin abubuwan da kika lissafa, wanda ya fi damuna shi ne takardar da ya sa wa hannu. Beli zai iya samuwa gobe ko jibi. Takardar nan kuwa za ta bi shi har gaban alƙali ko da bayan shekara uku ne, kuma a shari'o'in fashi da yawa ita kaɗai ce abin da mai gabatar da ƙara yake riƙe da shi. Da ita zan fara.

Sashe na 35(2) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk wanda aka kama damar ya yi shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya, har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda ake kira ACJA, ta ƙara a kan haka. Sashe na 17 ya ce idan mutum ya zaɓi ya ba da bayani, a ɗauka a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar ba da tallafin shari'a, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wani da ya amince da shi. In ba ya jin Turanci a kawo tafinta ya karanta masa, tafintan ya rubuta sunansa ya sa hannu. Sashe na 15(4) kuma ya yi maganar ɗaukar iƙirari a bidiyo. Ita ACJA a Abuja da laifukan tarayya take aiki, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, sai dai lambobin sassan sukan bambanta, kuma ta jihar ce lauyanku zai kafa hujja da ita. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta hau kan kowane ɗan sanda a ko'ina yake a ƙasar nan, ita ma ta maimaita yawancin waɗannan ƙa'idoji.

An daɗe ana jayayya a kotuna kan ko waɗannan ƙa'idojin wajibi ne ko kuwa in an ga dama. Kotun Ƙoli ta yi magana a kai: a 2023 a shari'ar Friday Charles da Jihar Legas, sannan a 2024 a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Nnajiofor, ta ce wajibi ne, kuma iƙirarin da aka ɗauka ba a bi su ba yana iya faɗuwa. Wannan makami ne da lauyoyin shekarun baya ba su da shi.

Sai maganar duka. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan aka yi da'awar cewa da azaba ko tursasawa aka samo iƙirari, kotu ba za ta karɓe shi ba sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar, tabbacin da bai bar kokwanto ba, cewa ba haka aka same shi ba. Ki lura da kan wanda nauyin yake: a kan gwamnati yake. Amma a nan akwai ramin da mutane da yawa suke faɗawa, kuma ina so ki fahimce shi sosai don ki faɗa wa ƙanenki. Akwai bambanci tsakanin mutum ya ce "ban taɓa faɗin wannan magana ba, ba sa hannuna ba ne" da ya ce "ni na sa hannu, amma dukana aka yi". Idan ya faɗi ta farko, kotu za ta karɓi takardar a matsayin shaida, sai a ƙarshen shari'a alƙali ya auna nauyinta. Idan ya faɗi ta biyu, a nan ne akan tsayar da shari'ar a yi wata 'yar ƙaramar shari'a a cikinta, a kira 'yan sandan da suka ɗauki bayanin, lauya ya yi musu tambayoyi, shi ma ya ba da nasa labarin, alƙali ya yanke ko takardar za ta shiga ko ba za ta shiga ba. Wanda aka doka har ya sa hannu, sai tsoro ya sa ya ce sam bai taɓa ganin takardar ba, ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi amfani. Ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, ita ce ta fi kare shi. Kuma lokacin yin wannan ƙorafi shi ne daidai sa'ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga kotu. Idan aka yi shiru aka karɓe ta, kukan da za a yi daga baya ba ya cika tasiri.

Matsalar ita ce ranar da za a miƙa takardar tana iya zama shekara biyu nan gaba, tabon bulala kuwa sati biyu ya warke. Saboda haka aikin hujja na yau ne. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ba wanda ake tsare da shi damar likitan da ya zaɓa ya duba shi, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar, ba ta karɓi uzurin "umarni aka ba ni" ba. Lauya ya nemi a kai shi asibiti a rubuce. Wanda ya kai masa abinci ya dubi jikinsa da kyau, ya dawo gida ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. In an ba ku kayan da ya tuɓe kuma akwai jini, kada a wanke. Ranar farko da aka kai shi gaban majistare, lauya ya faɗa a fili cewa an doke shi, ya roƙi kotu ta dubi raunin ta rubuta a littafinta. Layi biyu a rubutun alƙali sun fi shaidu biyar daga cikin dangi, domin dangi kowa ya san inda zuciyarsu take.

Yanzu kada ki ɗauka cewa shawarata ita ce ya kulle bakinsa har abada. Shiru kafin zuwan lauya haƙƙi ne kuma dabara ce, amma a irin shari'ar ƙanenki bayani ne zai fitar da shi. Sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ta ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon ko kuma ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda kayan suka zo hannunsa. Wannan ne ya sa masu sayar da tsofaffin wayoyi suke yawan taka sawun ɓarawo. Bayanin da ake bukata ba na rantse-rantse ba ne, na takarda ne da shaidu. Ku je shagonsa yau ku nemo littafin da yake rubuta ciniki, da rasit in ya rubuta, da lambar wayar yaron da ya kawo ta, da hotonsa ko hoton katin shaidarsa in ya ɗauka kamar yadda 'yan kasuwar waya da dama suke yi yanzu. In ta banki ya biya, ku ciro bayanan asusun, domin sunan wanda aka tura wa kuɗin yana nan. Ku tambayi maƙwabtan shagonsa wa ya ga cinikin. Ku sanar da shugabannin ƙungiyar kasuwar, su sukan san masu kawo kaya, kuma maganarsu tana da nauyi a caji ofis fiye da yadda ake zato.

Farashin da ya saya yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan sai kun gaya wa lauya gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Laifin karɓar kayan sata, a sashe na 317 na dokar Penal Code ta Arewa, bai tsaya kan an ga kayan a hannunka ba. Sai an tabbatar ka karɓa da rashin gaskiya, kana sane na sata ne ko kana da dalilin da zai sa ka gane. Hukuncinsa yana iya kai shekara 14. Wanda ya sayi waya da rana tsaka a shagonsa, a kan farashin kasuwa, ya rubuta sunan mai ita, yana da kariya mai ƙarfi. Wanda ya sayi wayar dubu ɗari uku a kan dubu arba'in, ba kwali, a kulle da lambar sirri, daga hannun yaron da bai san gidansu ba, alƙali zai tambaye shi abin da duk mai hankali zai tambaya.

Haka nan in ana zarginsa da shiga fashin kansa, maganar inda yake a daren da aka yi fashin sai ta fito tun a wajen 'yan sanda, tare da sunan wuri da lokaci da mutanen da suke tare, don a bincika. Kotunan Najeriya sun sha watsi da irin wannan kariya saboda sai a gaban alƙali aka fara ambatarta. To tunda bayanin farko ya lalace, abin yi shi ne lauya ya nemi a ɗauki ƙarin bayani a gabansa, ya kuma rubuta wa DPO wasiƙa mai ɗauke da duk waɗannan, a karɓa a buga hatimi a kan kwafinku.

Mu koma kan kwana shidan. Sashe na 35(3) na tsarin mulki ya ce cikin awa 24 a sanar da wanda aka kama dalilin kamun, a rubuce, da harshen da yake ji. Sashe na 35(4) da (5) sun ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin birnin Kano ba wanda zai ce kotu ta yi nisa. Sai dai akwai togaciya da ya kamata ki sani kafin wani ya ba ki mamaki da ita: sashe na 35(7) ya cire wanda ake zargi, bisa dalili mai ƙarfi, da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'idar. Fashi da makami yana cikinsu. Wannan ba lasisin ajiye mutum wata da watanni ba ne, hanyar da doka ta tanada ita ce a je gaban majistare a nemi umarnin tsarewa. Saboda haka tambayar farko da lauya zai yi a ofishin ita ce: wane laifi aka rubuta, kuma ina umarnin kotu?

Amsar wannan tambaya ita za ta warware miki maganar kuɗin. In fashi da makami aka rubuta, 'yan sanda ba su da ikon ba da belinsa kwata-kwata, alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke da shi. In kuwa karɓar kayan sata ne, doka ta ce a ba da belinsa in ba za a iya kai shi kotu cikin awa 24 ba, kuma belin 'yan sanda kyauta ne, ita kanta rundunar ta rubuta haka a bangon ofisoshinta. Ta kowane ɓangare kika duba, babu gurbin kuɗi. Wanda ya ce miki "fashi ne, amma in kun kawo kaza za a sake shi" ya gaya miki abu ɗaya cikin biyu ba tare da ya sani ba: ko shi kansa bai yarda fashin ba ne, ko kuma yana sayar muku da abin da ba shi da ikon bayarwa.

Na san mutane suna biya, kuma na san wani lokaci a kan saki mutum a daren. Ba zan yi miki kamar ban san ƙasar da muke ciki ba. Amma ki san abin da kuke saye. Ba rasit, fayil bai rufu ba, takardar da ya sa wa hannu tana ciki, kuma ranar da aka mayar da binciken sashen CID na jiha ko aka sauya mai bincike, za a sake kiransa a fara daga farko. Ga shi kuma mai bayarwa ma ya shiga laifin ba da cin hanci. A ganina rabin kuɗin nan in aka ba lauya nagari ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Abin da lauyan zai yi ba ɓoyayye ba ne. Zai rubuta neman beli ga DPO. In aka ƙi, doka ta ba shi damar ya sanar da kotun da ke da hurumi cewa ana tsare da mutum ba a ba shi beli ba, kotu ta sa a kawo shi ta bincika. Yana kuma iya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, waɗanda suka yarda wani ya yi rantsuwa a madadin wanda yake tsare, wato ke ma kina iya yi. Sau da yawa takardar sammacin wannan ƙara kaɗai takan sa a tuna da hanyar kotu. Akwai kuma tanadin da mutane ba su cika sani ba, cewa babban majistare ya riƙa ziyartar caji ofis na yankinsa duk wata, ya duba rajistar waɗanda ake tsare da su, yana kuma iya ba da beli nan take a laifin da yake da hurumi a kai. In ba ku da halin ɗaukar lauya, ku je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 kuma take da ofis a jihohi, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Abin da aka yi wa Baba haramun ne a doka, ba wani kwana-kwana. Sashe na 7 na ACJA da sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wanda ake nema. Sashe na 35(6) na tsarin mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ƙa'idojin 2009 ba su sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba, don haka ba sai kun haɗa yaƙi biyu a lokaci guda ba. Ku rubuta ranar da aka tafi da shi, da awannin da ya yi, da waɗanda suka gani, ku ajiye, ku fara fito da ƙanen naki.

Maganar mace ba ta tsayawa beli kuwa al'ada ce da ta daɗe a ofisoshi har wasu suka ɗauka doka ce. Sashe na 167(3) na ACJA ya faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsayawa wani ba don kawai mace ce, kuma sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi a ko'ina a ƙasar. Abin da za a duba a wajenki shi ne adireshi tabbatacce, katin shaida, da abin da ke nuna kina da sana'a ko hali. Sai dai ki san nauyin da kike ɗauka. Mai tsayawa ba ya ɗaukar laifin wanda ya tsaya wa, amma ya yi alkawarin kawo shi duk ranar da aka nema, in ya gudu kotu tana iya karɓar kuɗin da aka rubuta a takardar belin daga hannunsa. In wata rana kika ga alamar zai gudu, kina da damar zuwa kotu ki janye.

Yanzu ranar kotu. A Arewa yawanci da takardar rahoton farko ta 'yan sanda, wadda ake kira FIR, ake kai mutum gaban majistare, a karanta masa, a tambaye shi ko ya amsa. A nan ne ake yi wa mutane wata muguwar shawara a bakin ƙofa: "ka amsa kawai, tara za a ci ka, ka tafi gida." Kada ya saurara. Wanda ya amsa laifi ana iya yanke masa hukunci a zaman nan, ba sai an kira shaida ko ɗaya ba, kuma ɗaukaka ƙara bayan mutum ya amsa da bakinsa abu ne mai wuya. In bai gane abin da aka karanta ba ya ce bai gane ba. Sashe na 36(6) na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin a bayyana masa tuhumar dalla-dalla da harshen da yake ji, da tafinta kyauta, da isasshen lokacin shirya kariya, da lauyan da ya zaɓa.

In aka rubuta fashi da makami, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar. Abin da zai yi shi ne ya aika da shi gidan gyaran hali ajiya, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a, ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, wato DPP, ya ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa. Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan ajiya a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. A nan ne mutane suke ɓacewa. Kusan biyu bisa uku na waɗanda ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu abin da ya riƙe su fayil ne da bai bar teburin mai bincike ba. ACJA ta yi ƙoƙarin toshe wannan: umarnin ajiya na farko ba ya wuce kwana 14, ana iya sabunta shi in an kawo dalili, bayan haka kotu ta kira hukumomi su bayyana dalilin da zai hana a sake shi. Jihohi sun bambanta a yawan kwanakin, amma manufar ɗaya ce, ajiya tana da iyaka. Sai dai wa'adin ba ya aiki da kansa, sai an sami mai tashi a kotu ya tuna wa alƙali cewa ya cika.

Saboda haka in abin ya kai nan, aikinku bin fayil ne. Yaushe ya bar caji ofis? Yaushe ya isa ma'aikata? Wane lauyan gwamnati aka ba? Lauyanku yana iya rubuta wa DPP ya haɗa da rasit da bayanan banki, ya nuna cewa abin da ke cikin fayil bai wuce cinikin waya ba. Sau da yawa a wannan mataki ne ake sauke tuhuma daga fashi zuwa karɓar kayan sata, ko a ce babu abin da za a tuhume shi da shi. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin dokar fashi da makami ta tarayya ta tanadi kisa ga wanda ya yi fashin, da ɗaurin rai da rai ga wanda ya karɓi kayan fashi, alhali a Penal Code ana maganar shekaru ne ko tara. A lokaci guda ana iya neman beli a Babbar Kotu. A laifin kisa sai da dalili na musamman, kuma ACJA ta ambaci rashin lafiya mai tsanani da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, da jinkirin da ya wuce shekara ɗaya ba a gurfanar ba. Lauya yana kuma iya nuna cewa sunan fashi kawai aka liƙa, babu abin da ya haɗa shi da shi. Babban Jojin jiha ma yakan zaga gidajen yari ya saki waɗanda zamansu ya wuce ƙa'ida, kuma sunan da lauya ya gabatar shi ake dubawa.

In an kai ga shari'a sosai, sashe na 36(5) na tsarin mulki ya ce shi marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma sashe na 36(11) ya hana a tilasta masa ba da shaida. Za a ba lauyansa jerin shaidu da bayanansu kafin a fara. Wanda aka yi wa fashin zai zo, a tambaye shi ko ya taɓa ganin ƙanenki, da wane haske ya gan shi, da ko an jera mutane ya nuna shi ko kuwa an fito da shi shi kaɗai aka ce "wannan ne?" In an kama yaron da ya sayar da wayar ya ambaci sunan ƙanenki a bayaninsa na caji ofis, wannan bayani kansa kawai yake ci, ba ya zama hujja a kan wani sai in wanin ya amince da shi. In masu ƙara suka gama ba su kawo abin kirki ba, lauya yana iya roƙon a sallame shi ba tare da ya buɗe baki ba. In kuma Kotun Shari'ar Musulunci aka kai shi, kamar yadda akan yi da ƙararrakin sata a Kano, haƙƙoƙin nan suna nan, lauya yana tsayawa a can, kuma ƙa'idar hujja tana kan mai da'awa daɗaɗɗiya ce a fiƙihu. Ko a shari'ar Amina Lawal, matar da aka yanke wa hukuncin jefewa, a 2003, cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallame ta da su har da cewa tana da damar janye iƙirarinta.

Wasu za su ba ku shawarar ku nemi mai wayar ku biya shi a kashe maganar. A ƙananan laifuka doka ta yarda da sulhu, wani lokaci da izinin kotu. Fashi ba ya cikinsu, ƙarar ta gwamnati ce, kuma Antoni Janar na jiha ne sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon janye ta. Zuwa wajen mai ƙara da kuɗi ba tare da lauya ba yana iya komawa a ce kun amsa laifi ko kuna neman toshe bakin shaida, har ya ɓata neman belin.

Wajen zaɓen lauya, ki guji wanda mai binciken ya nuna muku, da masu rataye da jaka a bakin caji ofis suna cewa sun san kowa. Ki guji duk wanda ya yi miki alkawarin sakamako ko ya nemi "na alƙali". Ki nemi wanda yake yin shari'ar laifuka a kotunan jihar, ku yi maganar kuɗinsa a fili tun farko, mataki-mataki: na caji ofis, na neman beli, na shari'a, ya ba ku rasit. Ku tafi wajensa da ranar da aka kama Baba, da ranar da ƙanenki ya kai kansa, da sunan ofishin da na mai binciken, da littafin shago, da bayanan banki. Ki roƙe shi ya ga ƙanen naki yau ko gobe da safe, su keɓe, kafin a sake ɗaukar wani bayanin ko a mayar da shi wani sashe. Kafin nan, duk wanda zai kai masa abinci ya gaya masa kada ya ƙara sa hannu ko dangwala yatsa a kan kowace takarda sai lauyan yana wurin.